Yadda ake gane hannun mai kwafa a tsofaffin littattafan Ingila

Malama, kin ce kin ji a ajin adabin Turanci cewa an gano sunan mutumin da ya kwafi littafin mawaƙin Ingila Geoffrey Chaucer da hannunsa, bayan shekara ɗari shida, alhali bai rubuta sunansa a jikin littafin ba. Kina son sanin yadda aka yi, da kuma ko abin yarda ne.

Tambayarki guda biyu ce a ɗaure wuri ɗaya, kuma rabin rigimar wannan fanni daga rashin kwance su take tasowa. Ta farko: wannan shafi da wancan, hannu ɗaya ne ya rubuta su? Ta biyu: mai hannun nan, wane ne shi? Ta farkon ana iya amsa ta da ƙarfin gwiwa idan an yi aiki sosai. Ta biyun tana buƙatar wata takarda daga waje mai ɗauke da suna, kuma a nan ne manyan masana suke tuntuɓe.

Lokacin da muke magana a kai shi ne daga wajen 1350 zuwa 1500. Chaucer ya rasu a 1400, kuma William Caxton bai kafa injin buga littafi a Westminster ba sai 1476. Duk wanda ya karanta Canterbury Tales, littafin Chaucer na labaran da wasu matafiya suke ba juna a hanya, a tsakanin nan, abin da wani ya zauna ya kwafa ya karanta, yawanci a kan fatar maraƙi ko ta tunkiya da aka jeme aka kankare, da alƙalamin gashin dinya. Kwafi sama da 80 na wannan littafi sun iso zamaninmu, wasu cikakku, wasu guntaye, kuma babu ko ɗaya da aka tabbatar Chaucer ne ya rubuta da hannunsa. Ke nan duk kalmar da kuka karanta a aji ta ratsa ta hannun mai kwafa. Idan ya yi kuskure, ko ya gyara baiti don ya fi masa daɗi, ko ya sauya jerin labarai, abin da muka gada ke nan. Shi ya sa sanin mai hannun ba aikin banza ba ne. Mafi yawansu kuwa ba su sa suna ba. Ma'aikata ne, a biya su, su miƙa aiki.

Tarkon farko da sabon shiga yake faɗawa shi ne ya ɗauki salon rubutu a matsayin hannu. Wannan abu ne da Bahaushe zai fi saurin ganewa fiye da ɗalibin Bature. Ki ɗauki allunan almajirai biyar na malam ɗaya: kafunsu iri ɗaya, lam-alif ɗinsu iri ɗaya, don hannun malaminsu suka ɗauka. Baƙo zai ce mutum ɗaya ne ya rubuta duka. Amma malamin, da kallo ɗaya zai ce wannan na wane ne, wancan na wane. Mai iya cewa wannan Alƙur'ani rubutun Barno ne, wancan na Kano, salo ya gane. Wanda ya ce wannan hannun Malam wane ne, ya shiga wani mataki daban.

A Ingila ta wancan zamani manyan salo uku ne. Akwai Tekstura, rubutu mai kauri da kusurwoyi wanda ake ɗaga alƙalami bayan kusan kowane zane, na littattafan coci da manyan ayyuka. Akwai wanda Malcolm Parkes ya raɗa wa suna Angilikana a littafinsa na 1969 kan rubutun littattafan Ingila, rubutun haɗe da ya taso daga takardun mulki tun ƙarni na 13. Alamunsa sanannu ne: harafin a mai ɗaki biyu, sama da ƙasa, g mai kama da lamba 8, r mai doguwar ƙafa da take nutsewa ƙarƙashin layi, d mai madauki, da w mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar an ɗaura igiya. Sai na uku, Sakatare, wanda ya shigo daga Faransa a rubu'in ƙarshe na ƙarni na 14: a mai ɗaki ɗaya, r gajere, s na ƙarshen kalma mai siffar ƙoda, dogon s da f masu kaurin ciki da tsinin wutsiya. Idan kika ga littattafai biyu duk da g mai kama da 8, abin da kika gano kawai shi ne duka biyun Angilikana ne. Dubban mutane suna yin wannan g ɗin.

Abin ya ƙara wuya don ƙwararren mai kwafa ba salo ɗaya ya iya ba. Mutum ɗaya zai rubuta takardar ofis da Sakatare mai sauri da safe, ya kwafi waƙa da Angilikana mai tsari da yamma, ya yi kanun babi da Tekstura. Ko a cikin salo ɗaya akwai na kwalliya da na gaggawa, gwargwadon kuɗin mai aiki. Sannan hannu yana tsufa. Wanda ya yi shekara talatin yana sana'ar, ido ya raunana, yayi ya sauya, ya ari sabon harafi daga abokan aiki. Saboda haka hannu biyu na iya kama da juna don makaranta ɗaya ce ta haife su, hannu ɗaya kuma na iya kama da biyu.

To ina ake kama mutum? A wurin da bai san ana kallonsa ba. Siffar harafi abu ne da aka koya masa, kuma yana iya sauya ta da gangan. Abin da ba ya iya sauyawa cikin sauƙi shi ne tafiyar alƙalaminsa: daga ina yake fara harafi, zane nawa yake yi kafin ya gama shi, wanne ya riga wanne, ina yake dannawa ina yake sassautawa, da karkatar da yake yi wa bakin alƙalami. Mutum biyu za su iya fitar da w mai kama ɗaya, ɗaya da zane uku, ɗaya da huɗu. Idan kika sa gilashin ƙara girma za ki ga inda tawada ta hau kan tawada, a nan ne zane na biyu ya ratsa na farko. Ni a ganina wannan shi ne zuciyar aikin, kuma shi ne abin da hoto maras kyau yake ɓoyewa.

Bayan wannan sai ƙananan ɗabi'u. Yadda yake karkata wutsiyar y da h. Ko yana ɗora ɗigo a kan y. Yadda yake zana alamar da take tsaya wa kalmar "da". Alamomin taƙaita kalma, waɗanda rubutun lokacin yake cike da su. Tsawon harufan da suke miƙewa sama idan an gwada da jikin layi. Tazarar da yake bari tsakanin kalmomi. Yadda yake gyara kuskure: wani kankarewa yake da wuƙa, wani ya jera ɗigo a ƙarƙashin kalmar, wani ya ja mata layi. Akwai kuma haruffa biyu na tsohon Turanci da suka ɓace yanzu, þ mai sautin th da ȝ, kuma kowa da inda yake sa su. A arewacin Ingila da yawa sukan rubuta þ da y iri ɗaya sak, har ba a bambancewa sai da ma'ana, kuma wannan kaɗai yana nuna inda mutum ya koyi rubutu.

Harafi ɗaya ba hujja ba ne, kuma wannan ina so ki riƙe shi da kyau. Ba a cewa "ga irin g ɗinsa" a tsaya nan. Mai kwafa yakan mallaki r iri biyu ko uku, s iri uku, kuma abin da yake bambanta shi da maƙwabcinsa shi ne ƙa'idar da yake bi ba tare da ya sani ba wajen raba su. Wane r yake sawa bayan o? Wane s a farkon kalma, wanne a ƙarshe? Cikin ɗari, sau nawa yake zamewa zuwa a mai ɗaki ɗaya? Sai an ƙirga. Ni kan shawarci ɗalibai su guji shafin farko na littafi, don a nan mai kwafa yake nuna gwaninta, kowane harafi a tsaye kamar ranar salla. A je tsakiyar littafi, a duba layukan ƙasan shafi, inda ya gaji, alƙalami ya dakushe, hannu ya koma ɗabi'arsa. Kuma a rubuta bambance-bambancen da aka gani kamar yadda aka rubuta kamannin. Wanda ya riga ya so hannu biyu su zama ɗaya, idonsa kamanni kawai zai riƙa tsinta.

Shaida ta biyu ita ce yadda mutum yake harhaɗa baƙaƙen kalma. Turancin lokacin ba shi da daidaitacciyar ƙa'ida, kowa da karin garinsu yake rubutu. Kalmar da take nufin "irin wannan" wani zai rubuta swich, wani such, wani swilk, wani sich. Kalmar "ita" tana zuwa a sche, scho ko heo. Angus McIntosh da M. L. Samuels da Michael Benskin sun shafe shekaru suna tattara irin waɗannan, suka fitar da babbar taswirar karin harshen Turancin wannan zamani a 1986. Da ita ana iya ɗaukar littafi marar suna, a jera kalmominsa, a ce mai wannan rubutu daga wannan yanki ya fito, wani lokaci har a kusanci gundumarsu. Kamar dai ki ga rubutu ana cewa "shina" da "ɗiya" da "mussa", ki san ba a Kano aka haifi mai shi ba.

Sai dai McIntosh da kansa ya yi gargaɗi cewa masu kwafa iri uku ne. Akwai mai bin abin da ke gabansa harafi da harafi, wanda rubutunsa karin littafin da yake kwafa yake nunawa. Akwai mai juya komai zuwa karinsa. Akwai na tsakiya, mai gauraya, kuma sau da yawa yakan fara da biyayya ga abin da yake kwafa, sai tafiya ta yi nisa harshen uwarsa ya rinjaye shi. Don haka idan littattafai biyu suka saɓa a harhaɗa kalma, wannan bai isa a ce hannu biyu ne ba. An taɓa yin wannan muhawara a kan manyan kwafin Chaucer biyu da zan ambata a gaba: a farkon shekarun 1980 wani masani ya kafa hujja da saɓanin kalmominsu ya ce mutum biyu ne, Samuels ya amsa cewa mutum ɗaya ne wanda ɗabi'arsa ta sauya da lokaci.

Shaida ta uku jikin littafin ne. Ba a kwafa a cikin ɗaurarren littafi. Ana ninke fata ne ƙunshi-ƙunshi, yawanci warƙa takwas a ƙunshi, sai an gama a jera a ɗinke. A ƙasan shafin ƙarshe na kowane ƙunshi mai kwafa yakan rubuta kalmomin da za su buɗe ƙunshi na gaba, don kada a rikita jeri. Wanda ya saba da littattafanmu na warƙa-warƙa da ake ajiyewa a gafaka ya san wannan dabara. Wani mai kwafa yakan kewaye waɗannan kalmomi da akwati, wani da zanen naɗaɗɗiyar takarda, kuma kowa da nasa. Yadda ya ja layuka, layi nawa a shafi, duk suna ƙara nauyi. Idan littafin takarda ne, kamar yadda ya yawaita a ƙarni na 15, tambarin masana'anta da ake gani in an ɗaga warƙa ga haske yana taimakawa wajen ƙiyasta shekara.

Yanzu ga yadda aka haɗa duk waɗannan a aikace. A Kwalejin Trinity ta Kambirij akwai wani kwafi na Confessio Amantis, doguwar waƙar John Gower, mai lamba R.3.2. A 1978 A. I. Doyle da Malcolm Parkes suka nuna cewa mutum biyar ne suka kwafe shi, kuma hannu yana sauyawa ne a iyakar ƙunshi. Ma'ana an warware littafin da ake kwafa daga gare shi, an raba wa mutum biyar, kowa ya tafi da rabonsa. Haɗin bai zauna daidai ba a wasu wurare, alamar ba a ɗaki ɗaya suke zaune ƙarƙashin mai gida ɗaya ba. Wannan ya girgiza tsohon zato cewa akwai manyan shagunan kwafa a Landan masu ma'aikata jere. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne masu zaman kansu ne da ake haɗawa idan aiki ya taso. Doyle da Parkes ba su da sunayen mutanen, sai suka kira su A, B, C, D da E.

E kaɗai aka sani nan take: Thomas Hoccleve, mawaƙi kuma magatakarda a ofishin hatimin sarki, wanda ya yi kusan shekara arba'in a wannan aiki har rasuwarsa a 1426. An san hannunsa don ya bar kundin samfurin wasiƙun ofis da ya tattara, da littattafai uku na waƙoƙinsa da ya kwafa da kansa, biyu suna ɗakin karatu na Huntington a Kalifoniya, ɗaya a Durham. Shi ne ya yi kuka a wata waƙarsa cewa mutane suna ɗaukar rubutu wasa, alhali yana cin ciki da baya da ido, kuma masu sauran sana'o'i suna aiki suna waƙa da hira, shi kuwa mai rubutu dole hankali da ido da hannu su tsaya wuri ɗaya cikin shiru. Duk lokacin da na ga layi ya fara karkacewa a ƙasan shafi nakan tuna wannan kukan. Kasancewarsa cikin mutum biyar ɗin ya ba da iyakar lokaci: littafin ya ambaci rasuwar Gower, wadda ta faru a 1408, kuma ba zai wuce 1426 ba.

Irin wannan shi ne abin da nake kira turke. Ba a sa wa hannu suna sai an sami rubutu ɗaya da babu shakka a kan mai shi, a ɗaure sauran a jikinsa. Robert Thornton, wani mai gona da rufin asiri a Yorkshire, ya kwafa wa gidansa manyan kundaye biyu a tsakiyar ƙarni na 15 kuma ya yi ta rubuta sunansa a ciki, don haka nasa babu gardama. William Ebesham ya yi wa Sir John Paston kwafa, ya aika masa wasiƙa da lissafin kuɗin aikinsa wajen 1468, wani sashe a kan kwabo biyu kowace warƙa, yana roƙon a biya shi, har da neman a taimaka masa da tsohuwar riga. Wasiƙar ta tsira cikin takardun gidan Paston, littafin da ya kwafa shi ma ya tsira, kuma daga nan Doyle ya bi hannunsa zuwa wasu littattafai. Inda babu turke, sai laƙabi. Akwai wanda ake kira mai kwafan Hammond, don Eleanor Hammond ce ta fara tattara ayyukansa, akwai kuma wanda ake kira mai g mai ƙugiya. Wasu cikinsu an san littattafansu fiye da goma ba a san sunansu ba.

B shi ne mutumin da kike tambaya a kai. Doyle da Parkes sun tabbatar da cewa hannunsa ne ya rubuta kwafi biyu mafi daraja na Canterbury Tales. Ɗaya shi ne Hengwrt, yana babban ɗakin karatu na Wales a Aberystwyth, ba shi da yawan ado, ɓeraye ma sun ci gefensa, amma masana da yawa suna ganin kalmominsa sun fi kusa da na Chaucer. Ɗayan shi ne Ellesmere a Huntington, mai zanen matafiya 23 a kan dawakansu. Jerin labaransu ya saɓa, kuma akwai labari guda da yake cikin Ellesmere babu shi a Hengwrt. A inda labarin mai dafa abinci ya yanke bai ƙare ba, mai kwafan Hengwrt ya rubuta a gefe cewa Chaucer bai ƙara komai a wannan labari ba. Kin ga inda suna yake da amfani: idan mutumin nan ya san Chaucer ido da ido, wannan magana shaida ce. Idan bai san shi ba, zato ne na wanda ya nemi sauran bai samu ba.

A 2004, a taron masana Chaucer a Glasgow, Linne Mooney ta sanar cewa ta gano shi, ta kuma buga hujjojinta a 2006. Ƙungiyar magatakardan Landan tana da kundin rajista inda sabon shiga yake rubuta rantsuwarsa da hannunsa ya sa suna. A ciki akwai rantsuwar wani Adam Pinkhurst ta wajen 1392, doguwa mai ado. Mooney ta ce harufanta, da irin kwalliyar da yake yi wa dogayen harufa da ƴan zane-zane da ɗigo, su ne na B. Ta haɗa da wata takardar koke da ƙungiyar ƴan kasuwar tufafi ta Landan ta shigar wajen 1388 a kan tsohon magajin gari Nicholas Brembre, wadda ta ce ita ma hannunsa ce. Abin da ya sa labarin ya zagaya duniya kuwa wata ƴar waƙa ce mai layi bakwai da ake danganta wa Chaucer, inda yake yi wa mai kwafa masa, mai suna Adam, faɗa kan sakaci da gaggawa, yana cewa kullum sai ya zauna yana kankare kura-kuransa. Ga Adam a waƙa, ga Adam a rajista.

Masana da yawa sun karɓa, ciki har da Simon Horobin. Amma ba duka ba. Jane Roberts ta nuna shakka a 2011, sannan Lawrence Warner ya yi littafi guda a 2018 yana musantawa. Hujjojin masu shakka suna da nauyi. Rantsuwar da Latin take, kuma rubutun nuna gwaninta ce, ga shi ana gwada ta da littafin waƙa na Turanci. Haruffan da suka fi tona asirin mai kwafan Turanci, irin w da þ, ba su cika fitowa a Latin ba. Kwalliya kuma ita ce abin da ya fi sauƙin ara tsakanin abokan sana'a. Ita waƙar Adam a kwafi ɗaya tak ta tsira, na John Shirley, wanda ya rubuta shi shekaru da dama bayan rasuwar Chaucer, kuma kanun da Shirley ya sa mata shi ne babban dalilin cewa ta Chaucer ce. Adam ma ba baƙon suna ba ne. Warner bai ce Pinkhurst bai kwafi adabi ba. Ya yarda hannunsa ne a wani kwafin Piers Plowman, doguwar waƙar William Langland, da ke Trinity. Abin da ya ƙi shi ne a ce wannan hannu da na B ɗaya ne. Haka ya ƙi amincewa da shawarar da Mooney da Estelle Stubbs suka kawo a 2013 cewa D, wanda ya kwafi Gower sau da yawa, shi ne John Marchaunt, magatakardan majalisar birnin Landan.

Tunda ra'ayina kika nema: cewa hannu ɗaya ya rubuta Hengwrt da Ellesmere da rabon B a littafin Trinity, wannan na riƙe shi da ƙarfi, don an gwada ɗaruruwan shafuka na harshe ɗaya da salo ɗaya. Cewa sunansa Adam Pinkhurst, ina ɗaukarsa zato mai ƙarfi da ya cancanci girmamawa, amma turkensa siriri ne idan aka dubi nauyin da aka ɗora masa. Cewa kuma shi ne Adam na waƙar, wanda ya zauna kusa da Chaucer, wannan hawa na uku ne a kan na biyu. Abin da yake damuna shi ne yadda ake koyar da hawa ukun a aji kamar abu ɗaya tabbatacce. Aikin Mooney ya buɗe ƙofa ta gaske, don ita ta tura mutane su nemi masu kwafan adabi a cikin rajistocin ƙungiyoyin sana'a da takardun birni, inda ƴan adabi ba su saba leƙawa ba. Ko da sunan ya faɗi gobe, wannan hanya ta zauna.

Dalilin taka-tsantsan ɗina wani abu ne da ya riga ya faru. A farkon shekarun 1950 Derek Price ya ci karo da wani littafin ilimin taurari na Turanci a Kwalejin Peterhouse ta Kambirij, mai bayanin wata na'urar lissafin tafiyar taurari. A ciki akwai shekarar 1392, akwai kuma sunan Chaucer a gefen wani lissafi. An san Chaucer ya rubuta littafi kan wata na'urar taurari, ga gyare-gyare a shafukan irin na mai littafi da kansa. Price ya ce watakila wannan hannun Chaucer ne, ya buga aikin a 1955, aka yi kusan shekara sittin ana ja. A 2014 Kari Anne Rand ta gwada hannun da wani littafin taurari da ke ɗakin karatu na Bodleian a Okusfod, wanda mai kwafansa ya rubuta sunansa a ciki. Ashe John Westwyk ne, wani ɗan zuhudu na St Albans da ya zauna a Tynemouth. Duk alamun da suka nuna Chaucer gaskiya ne, ba wanda ya ƙirƙire su. Sunan da kowa yake so ne ya cike giɓin da ya rage.

Kin kuma tambaya a ƙarshen saƙonki ko kwamfuta ba ta gama da wannan matsala ba. Ta taimaka ƙwarai ta fuska ɗaya. A da sai masani ya ga littafi a Wales, ya riƙe kamanninsa a ka ko a hoto baƙi da fari, ya haye teku zuwa Amurka ya gwada. Yanzu Hengwrt da Ellesmere duka suna intanet, kuma tun 2011 Mooney da Horobin da Stubbs suka buɗe rumbun hotunan harufa na masu kwafan Chaucer da Gower da Langland da Hoccleve da Trevisa, inda za ki ga a da d da g da w na kowane hannu a jere. Ana kuma gwada manhajojin da suke auna lanƙwasar zane. Amma manhaja tana buƙatar samfuri mai yawa da aka riga aka tabbatar, shi ne kuwa abin da muka rasa, kuma tana iya ruɗewa da bambancin salo ko na kyamara ta ɗauka bambancin hannu ne. Harafin da aka yanko aka ajiye shi kaɗai ya rabu da maƙwabtansa, alhali yadda yake haɗuwa da su rabin shaidar ne.

Idan kina son gwadawa da kanki, buɗe Hengwrt da Ellesmere gefe da gefe a labari ɗaya, daga tsakiya. Zaɓi haruffa biyar: a, g, r, w da y. Ki kwafi layi goma da alƙalami mai faɗin baki, kina ƙoƙarin bin zanen yadda ya bi shi, don hannunki zai gane abin da ido ya tsallake. Ki yi jadawali na inda kowane irin r da s suke faɗowa cikin layi ɗari. Bayan nan ki ɗauko wani kwafin na hannun D, kamar Harley 7334 da ke babban ɗakin karatu na Birtaniya, wanda shi ma Angilikana ne na Landan na shekarun nan, ki yi masa jadawali iri ɗaya. A kwanakin farko duka ukun za su yi miki kama da hannu ɗaya. Ki ba shi mako biyu, sannan ki nemi hoton rantsuwar Pinkhurst ki ajiye kusa da jadawalinki.